Kitson da Na Yi wa Dije

Gagarawa, Lahadi da hantsi

Ɗana Bashari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina gaida Safiya, Allah ya sa takardar nan ta iske ku ƙalau kuna ta ɗaure kaya. Allah ya tsare min kai a ƙasa, ya tsare ka a sama in ka hau jirgin nan, ya sauke ka Ingila lafiya kamar yadda ya ɗauke ka. Mu nan muna lafiya, sai farin da kowa ya sani, ba zan cika ka da labarinsa ba.

Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, layi yana hawa yana gangarowa kamar sawun kaza. Da sai in sa a rubuta mini kamar kullum, to amma maganar nan ba ta kunne uku ba ce. Ilu direba zai shiga Kano gobe, ya san gidan surukanka inda kuka sauka, shi zai miƙo maka, tunda ka ce Asabar za ku tashi.

Maganar da ka yi ranar da ka zo sallama ita ta hana ni sakat. Kana zaune a tabarma, ka ture furar gefe, ka ce, "Inna, na gaji. Shekara biyu ina bin yaran da suka bugu a ka, ina son in gane alamun da ke nuna jini yana taruwa a ciki, don a riƙa kawo su kafin lokaci ya ƙure. Kowane yaro da takardarsa. Ya suma? Ya yi amai? Yaushe barci ya fara ɗaukarsa? Amma duk uwar da na tambaya sai ta ja mayafi ta ce ban sani ba."

Sai ka kawo labarin matar nan ta wajen Ɗanzomo, wadda jaki ya harbi ɗanta, ka huda masa ƙoƙon kai ka fitar da jinin, Allah ya tashe shi. Ka ce duk tambayar da ka yi mata uwar mijinta ce ke amsawa, ita tana kallon ƙasa, har ka daka mata tsawa nas ta leƙo. Ka ce, "Matan nan ba sa kallon 'ya'yansu, Inna. Akuya ma ta fi su sanin abin da ta haifa." Ka ce in ka isa can za ka gaya wa Farfesan naku ka ajiye binciken yaran, ka koma aikin manya, waɗanda ke faɗin ciwonsu da bakinsu. Har ka ce in sun riƙe ka ƙila ka zauna.

Ni me na ce maka? Na ce sha furarka kada ta tsinke.

To wannan shi ne kuskurena na baya-bayan nan, kuma uwarsu ɗaya da na farkon. Shi ya sa na ɗauki biro. Ba na son ka ajiye aikin yaran nan a kan abin da ba haka yake ba. Ka karanta har ƙarshe tukuna, sannan ka yanke abin da za ka gaya wa Farfesa.

Yayarka Dije ba zazzaɓi ne ya kashe ta ba.

Ka ga na rubuta sunan. Tana raye ban taɓa faɗinsa ba, sai dai in ce ta wajen Iya, ko yarinyar nan. Ka san yadda muka taso, 'yar fari ba ta uwa ba ce. Ba a kiran sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi wani ne zai ɗaga ta. Ana yaye ta kakarku Iya ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, tsakar gida ɗaya muke amma ko tuwo ban isa in miƙa mata da hannuna ba in da ido. Ita ma da sunana take kirana, Talatu. Kuma ni an yabe ni a kan wannan. Mata suna cewa, "Ku dubi Talatu, ko inda 'yar take ba ta kallo." Wallahi ina jin daɗin yabon nan kamar an ɗaura mini sabon zane.

Shekararta tara, kai kana da shida. Babanku ya ɗora ka a jaki tun Laraba kun tafi cin kasuwar Maigatari, zuwanka na farko ke nan. Ranar Alhamis ɗin muna dakan suna, matar baffanka ta haihu, washegari za a raɗa. Mata sun cika gida ana lugude. Gwaggonka Gambo, ƙanwar babanku, tana budurwa a lokacin, kuma duk unguwa babu gwanar lugude kamarta, sai ta cilla taɓarya sama ta tafa uku ta cafe. Dije tana durƙushe gefen turmi tana tsince geron da ya fantsalo. Gambo ta cilla, ta tafa, taɓarya ta kuɓuce. A gefen kai ta same ta, hagu, saman kunne kaɗan.

Ta kife, shiru, kamar a karanta Fatiha sau biyu. Sai ta motsa, ta yi kuka, ta tashi zaune. Iya ta shafa wurin, babu jini ko ɗigo, ta ce, "Ke wannan kan naki ai ya fi turmi ƙwari, Gambo duba mana ko taɓaryar ce ta tsage." Aka yi dariya, har Dijen ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta tashi ta shiga wasanta, ta ma ci ɗumame.

Ni ina bakace a gindin rumbu. Ban ajiye faifan ba. Hannuna yana aiki, amma na ƙirga komai, tsawon shirun da ta yi, yadda ta tashi tana dafa turmi, yadda take karkatar da kai. To ka riƙe wannan, Bashari. Uwar da ka ga ta kau da kai, ita ce mai kallon. Wadda ke zuba maka bayani da babbar murya, sau da yawa ba ta ma wurin lokacin da abin ya faru.

Da hantsi malamin asibiti ya zo duba mai jego, mutumin kirki, a kan kekensa. Ya ji labari a zaure, ya tsaya bayan zana ya ɗaga murya, "An ce taɓarya ta sami yarinya?"

Iya ta ce, "Ga ta can tana tsalle, Malam."

Ya ce, "Ina uwarta? Ta ga wani abu?"

Duk mata suka juyo suna kallona, suna jiran su ga ko zan ba da kaina. Na ce, "Lafiya lau."

Ya ce, "To madalla. Amma in ta yi amai, ko barci ya riƙa fizgarta, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe, ku sa ta a jirgin ƙasa na la'asar zuwa Kano." Ya hau kekensa ya tafi. Ka ga ba zan ce ban sani ba. An gaya mini da Hausa.

Bayan azahar Iya ta ce, "Talatu, tunda ke ce mai kitson gidan, zo ki kama wa kishiyar tawa kai, gobe suna, kada ta kunyata ni." Wannan kaɗai ce ƙofar da nake samu in taɓa ta, kitso. Duk sati biyu ina jiran ranar kamar Salla, ina jan aikin don kada ya ƙare da wuri. Ta zo ta ɗora kai a cinyata. Na tsefe, na sa man shanu, na fara tsaga. Da yatsana ya kai saman kunnen sai na ji wurin ya yi laushi, kamar ka danna nunanniyar gwanda. Ta ce, "Talatu, kaina." Na ce, "Yi shiru, na kusa."

Ta tashi ta zaga bayan rumbu ta yi amai. Na bi ta kamar zan ɗauko wani abu, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Ta sake yi, na sake rufewa. Har yau ban san wa nake ɓoye wa ba.

Ta dawo ta kwanta. Na juyo da fuskarta don in kama gaban goshi, sai na ga baƙin idonta na hagu ya buɗe, ya fi na dama girma sosai. Matajin da na ba ta ta riƙe mini ya zame daga hannunta na dama, na mayar mata, ya sake zamewa. Ina magana tana amsawa da ƙyar, kamar mai magana daga cikin rijiya.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Na ce, "Iya, yarinyar nan..."

Iya ta ce, "Wace yarinya?"

Wata daga cikin masu daka ta ce, "Au, yau Talatu ta tuna tana da 'ya? Ku matso ku sha kallo." Aka kwashe da dariya. Ga Gambo can tsaye ta yi tsuru-tsuru, an sa ranar aurenta, in na ce wani abu kamar na ce ta kashe mini 'ya ne a gaban dangin miji.

Na ce, "Ba komai, cewa na yi gashinta ya yi cunkus."

Iya ta ce, "Gajiya ce, tun asuba take tsalle. Bar ta ta yi barcinta, ki ƙarasa a hankali."

Jirgi ya yi kuka kafin la'asar. Ka san tsakanin gidanmu da tasha, ko ruwa ka ɗora ba zai tafasa ba ka isa. Na ji tsayawarsa, na ji tashinsa, ina kitso. Na ƙarasa shi tsaf, kitson zane ne, layi goma sha biyu, ban taɓa yin mai kyansa ba. Ta fara wani irin minshari. Kafin magariba Allah ya karɓi abarsa, kanta yana cinyata.

Ba tambayarka nake ko da ta rayu in da an sa ta a jirgin ba. Kano da nisa, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare, wannan na Allah ne, kada ma ka wahalar da kanka neman amsar da za ta sanyaya mini rai. Nawa shi ne na gani, an tambaye ni, na ce lafiya lau.

Saboda haka ga abin da zan gaya maka a kan tambaya, tunda ni na zauna a inda matan nan ke zama. Kafin komai ka tambayi nas a gefe, yaron na fari ne? In na fari ne, to ka san bakin uwar a ɗaure yake muddin uwar miji na ɗakin. Kada ka kori tsohuwar, in ka kore ta yarinyar ce za ta biya a gida. Ka girmama ta, ka ce, "Iya, ke ce babba, ke za ki je ki karɓo maganin da hannunki," ka sa a raka ta can nesa. Sannan kada ka ce ɗanki. Ka ce yaron nan. Kada ka tsaya a kanta da farar rigarka kana kallon tsakar idonta, ko ni da na haife ka in ka sa rigar nan sai in ji harshena ya yi nauyi. Ka zauna, ka kalli takardarka ko bango. In da wata nas dattijiya ma, ka ba ta tambayoyin kai ka fita. Mu masu kitso mun daɗe da sanin wannan, mace ba ta faɗin cikinta sai ta ba ka baya.

Kuskurena bai tsaya nan ba. Aka yi mata sutura kafin ku dawo. Iya ta tara mu mata ta ce, "Zazzaɓi ne ya ɗauke ta farat ɗaya. Wanda ya ce taɓarya ya kashe auren Gambo." Kowa ya ce to. Malamin asibiti da ya zo gaisuwa ya dube mu, ya yi addu'a ya tafi. Kuka iso ranar Juma'a, ka shigo da gudu da dabino a aljihu kana cewa ina Yaya. Babanku ya tambaye ni a ɗaki, mu biyu, babu kowa, "Talatu, me ya same ta?" Na ce zazzaɓi. Shekara ashirin muka ƙara tare, ya koma ga Allah bai sani ba. Mutum ne mai sanyin hali, da na gaya masa da ya ɗauke mini rabin kayan. Na hana shi gaskiyar 'yarsa, na hana kaina sauƙi.

Ka taɓa ba ni labari cewa ku likitoci kuna zama ku tattauna waɗanda suka mutu a hannunku, kowa ya faɗi inda ya kuskure, ka ce zaman da ka fi ƙi ke nan. To ni da na sami irin zaman nan ko sau ɗaya da na gode Allah. Kada ka guje shi. Kuma in za ka rubuta bincikenka, ka sa waɗanda suka mutu tare da waɗanda suka tashi, ka sa inda ka makara, ka sa inda ka yi zaton abu kaza ne ashe ba shi ba ne. Zazzaɓin da muka ƙirƙira bai koya wa kowa komai ba. A unguwar nan bayan Dije an sake yin irinta, ɗan maƙwabta ya faɗo daga kan rumbu, ya tashi ya yi wasa, aka bar shi ya yi barci. Da mun faɗi tamu, da ƙila uwarsa ta san abin da take gani.

Sai Gambo. Shekara bakwai ban yi mata magana ba in ban da ina kwana. Ta haihu ban je barka ba, na ce ƙafa ke damuna. Na ɗora mata duka, don in na tsane ta ba sai na dubi kaina ba. Ita kuwa tun ranar ba ta sake cilla taɓarya ba, dakan gidanta ma surfe kawai take yi a hankali kamar tsohuwa. Ranar da na je Maigatari inda take aure na same ta, na ce mu yafi juna, ta ce, "Yaya, ni hannuna ne ya kuɓuce." Ba ta ƙarasa ba, ni na ƙarasa mata, na ce ni kuma bakina ne ya ƙi buɗewa. Muka zauna muka yi kukan da ya kamata mu yi tun tuni. Hannu yana kuɓucewa, Bashari, naka ma wata rana zai kuɓuce, ko na nas, ko na ƙaramin likitan da ke taya ka. In hakan ta faru kada ka yi saurin neman wanda za ka jingina wa. Kuma in ka ga gwaggonka kada ka sauya mata fuska, da saninta nake rubuta wannan, na aika mata ta ce in faɗa.

Akwai wani ƙaramin kuskure da nake son ka yafe mini. Wata Babbar Salla, kana ɗan shekara goma, aka ba ka kan rago ka kai a babbake, sai na same ka bayan ɗaki ka fasa shi da dutse kana leƙen ciki da tsinke. Ka ɗago kana murna ka ce, "Inna, zo ki ga, ashe akwai wata 'yar fata tsakanin ƙashin da ƙwaƙwalwar." Na zane ka da tsintsiya har Iya ta ƙwace ka tana cewa, "A kan kan rago za ki kashe mini miji?" Ka ɗauka don ka ɓata nama ne. Ba shi ba ne, ka taɓa mini inda ke ciwo ne ba ka sani ba. Wata rana kai ma za a ce maka Farfesa, in Allah ya yarda, yara za su zagaye ka. In ɗaya ya yi tambayar da ta sa ka ji zafi ya taso maka, ka dakata tukuna. Sau da yawa ita ce tambayar da ya kamata a yi.

Yanzu bari in gaya maka inda na je. Bayan tafiyarka na kasa zama. Ranar Laraba na hau mota zuwa Gumel, daga nan na sami ta Ɗanzomo, na sauka wurin ƙanwata. Neman matar bai yi wuya ba, duk yankin an san yaron da aka buɗe wa kai a birni ya dawo da ƙafarsa. Ƙauyensu ba nisa, muka taka. Sunanta Rabi, yarinya ce ƙarama, ba za ta wuce ashirin da biyar ba. Ban ce ni uwarka ce ba, na ce mai kitso ce daga Gagarawa na zo ganin dangi. Na ga yaron, yana ɗan jan ƙafa amma yana bin awaki da gudu, gashi ya fara rufe ɗinkin. Na yaba aikin a raina, ɗinkinka ya fi wanda babanka ke yi wa tufafi kyau nesa ba kusa ba.

Uwar mijin ta ce, "Kin zo a daidai, kama wa wannan marar kunyar kai, ta zauna kamar mahaukaciya." Na lura da sunan. Muka koma inuwar bayan ɗaki, ta ba ni baya, na fara tsifa. Har na kai rabin kai ban tambaye ta komai ba. Sannan na ba ta labarin Dije, ita ce mutum ta farko da na faɗa wa shi daga farko har ƙarshe. Can ta fara magana.

Na fari ne, kamar yadda na zata. Ga abin da ta ce, na sa ƙanwata ta taya ni riƙewa don kada in ɓata maka. Jakin ya harbe shi da sassafe wajen rijiya, a dama, gaban kunne. Ya suma kaɗan, ya farfaɗo, ya sha koko. Wajen hantsi ya ce kansa, ya yi amai sau uku. Kafin azahar ya fara layi, yana amsa kira a makare, kuma ta ga idonsa na dama ya sauya. Mijin yana gona mai nisa. Ta ce da uwar mijin a kai shi asibiti, aka yi mata irin dariyar da aka yi mini.

To a nan muka rabu da ita, Bashari. Ita ba ta ce "ba komai" kamar ni ba. Ta goya yaron a baya, ɗan shekara bakwai, ɗan farinta, a gaban kowa, ba izinin miji ba na suruka, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta bi yashi har bakin hanya ta tare motar hatsi. Uwar mijin daga baya ta biyo su tana faɗa. Daga Gumel aka tura su wurinku. Tun ranar sunanta a gidan marar kunya, har yaran gida suna faɗa. Ta ce lokacin da suka iso gabanka, ga tsohuwar a tsaye a kanta, ta riga ta kashe duk ƙarfin halin da take da shi a hanya, ko kalma ɗaya ba ta rage mata ba.

Ita ka yi wa tsawa.

Ban faɗa don in ƙona maka rai ba, ɗana. Ba ka sani ba, kuma rashin sanin naka ni na jawo shi, da na ba ka labarin nan tun kana makarantar likita da ba haka ba. Da na gama kitson na gaya mata ko ni wace ce. Ta rufe fuska, sannan ta ce, "Inna, ki gaya wa likita duk tambayar da ya yi na san amsarta. Ina ba shi amsa a cikina." Ta ce an ce su koma a duba ɗinkin bayan wata uku, tana tsoron haɗuwa da kai. Na ce mata za ka yi tafiya, amma akwai abokan aikinka, kuma kai ba mugu ba ne, gajiya ce da tsoron kada yaron ya mutu a hannunka.

To ga roƙona. Ka tafi, ka koyo duk abin da Turawan nan suka sani a kan kai, kada ka bar musu ko ɗaya. Amma takardun yaran nan ka sa su a akwati ka tafi da su, kada ka ce da Farfesa babu amsa. Ka ce masa amsar tana nan, hanyar tambayar ce za a gyara. Ga biyu na ba ka, ta Dije da ta ɗan Rabi, ka cike gurbin da aka bari. In kana so ka bar mini tambayoyin da Hausa, da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa. Kai uku nake kamawa a rana, wata rana huɗu, daga nan har Gumel babu gidan da ba na shiga, kuma duk wadda ta ba ni labari sai na nemi yardarta kafin in rubuta. Zama can kuwa, ba zan ce maka na hana ba, kai ba yaro ba ne. Amma can suna da masu buɗe kai da yawa, mu kuwa a nan kai kaɗai na sani.

Roƙona na biyu ƙarami ne, kuma shi ya fi gaggawa. Kafin Ilu ya juyo ranar Laraba, ka rubuta wa Rabi layi biyu a takardar asibiti mai hatimi, ka sa hannu. In gaskiya ne saurin da ta yi shi ya sa ka sami yaron da rai, ka rubuta haka. In ba gaskiya ba ne kada ka rubuta, ka dai ba ta haƙuri. Ba ta karatu, ni zan karanta mata, kuma a tsakar gida zan karanta, da ƙarfi, lokacin da uwar mijin da masu daka suke nan. Na yi mata alkawarin komawa bayan sati biyu in tsefe mata kitson. Kada ka bari in je hannu rabbana.

In ka gama karantawa ka ji ranka ya ɓaci da ni, ba laifi, ka ɗauki lokacinka, ina nan. Ka dai yi wa yayarka addu'a, da babanku da Iya, ita ma abin da ta tarar ta bi.

Ka sa rigar sanyi tun a jirgi, an ce can rana ba ta da ƙarfi. Ka riƙa cin abinci kafin ka shiga tiyata, na san halinka. Ka riƙe salla, ka riƙe Safiya da kyau, ba ta da kowa can sai kai. Allah ya daidaita maka hannu, ya buɗe maka kunne, ya sa duk kan da ka taɓa ya tashi. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku a baƙuwar ƙasa, ya maido min da ku ina da rai. In kuma ba mu gana ba, na yafe maka duniya da lahira, ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Talatu mai kitso